Allurar tazara ta wuce lokaci da sati shida: ko ciki ya shiga, kuma wace hanya ce abin dogaro?

Tambayar ta fito daga wata uwa a wani ƙauye na ƙasar Argungu. Ta ce: "Ɗiyata wata 9 gare ta, ina ba ta nono, tana kuma shan kunu. Na yi allurar wata uku sau biyu. Ranar da aka rubuta mini a kati na je aka ce ta ƙare, daga baya ruwa ya cinye mana hanya, yau sati shida ke nan ban koma ba, ga maigida yana gida. Tun da na haihu ban ga al'ada ba. Ko ciki ya shiga? Kuma wace hanya mutum zai dogara da ita, tunda maƙwabciyata tana shan ƙwaya amma ta yi kwanika?"

'Yar'uwa, Allah ya raya miki ɗiya. Bari mu fara da katinki, don a kansa lissafin yake. Allurar wata uku, wadda ake kira Depo-Provera, ana maimaita ta duk sati 13. In mace ta makara, akwai rangwamen sati 4 da ake ɗauka har yanzu tana cikin kariya, a yi mata allurar kawai ba tare da wani gwaji ba. Ke nan iyakar ita ce sati 17 daga ranar allurar ƙarshe. Ke kina sati na 19, kin fita daga rangwamen da sati biyu. Wannan bai nuna ciki ya shiga ba, domin allurar nan ba ta sakin jiki da wuri, mata da yawa sukan yi watanni kafin ƙwai ya dawo fita. Sai dai akwai waɗanda nasu yake dawowa da wuri, kuma babu mai iya duban fuskarki ya ce ga rukunin da kike ciki. Saboda haka daga yau ki ɗauki kanki a matsayin wadda ba ta kan komai. (Wadda take yin allurar wata biyu, Noristerat, nata rangwamen sati 2 ne kawai, kada ta ari lissafinki.)

Nono ba zai rufe miki wannan giɓin ba. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki da gaske, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu lokaci guda: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba tare da dogon tsaiko ba, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ukun sun cika, mata kamar 2 ne cikin 100 suke ɗaukar ciki a watanni shidan. Ɗaya ya faɗi, sauran ba sa riƙewa. Ɗiyarki ta wuce wata 6, ta fara kunu, biyu sun riga sun faɗi. Rashin ganin al'ada kuwa ba ya gaya miki komai, don allurar kanta tana ɗauke jini, nono ma yana ɗauke shi, ciki ma haka. Abin da ya fi jefa mata cikin kwanika shi ne jiran jini. Ƙwai yana fita kamar sati biyu kafin jinin farko ya zo, don haka mace tana iya ɗaukar ciki ba ta taɓa ganin ɗigo ɗaya ba tun bayan jinin biƙi.

Ga abin yi. Ki nemi tsinken gwajin ciki, kusan kowane kemis yana da shi, ki duba kwanan watan lalacewarsa a jikin leda. Ki tari fitsarin farko na asuba a mazubi mai tsabta, ki tsoma bakin tsinken zuwa layin da aka shata, kada fitsari ya haura layin, ki ciro ki kwantar da shi a wuri busasshe, ki duba bayan kamar minti biyar. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun dishi-dishi yake. Layi ɗaya babu. In babu layi ko ɗaya, tsinken ya lalace, ki sake da wani. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne tsinken ba ya ganin cikin da ya shiga jiya ko shekaranjiya. Sai an yi kwana 21 da saduwar ƙarshe da ba kariya kafin a gaskata layi ɗaya. In kun sadu a satin nan, gwajin yau yana ba da labarin abin da ya faru sati uku baya ne, dole a sake.

In saduwar ta kasance cikin kwana 5 da suka wuce, akwai ƙwayar gaggawa, wadda aka fi sani da Postinor-2. Ana haɗiye ƙwayoyin biyu lokaci guda, ko guda ɗaya in mai miligiram 1.5 ce. Ta fi aiki a cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon amfaninta. Aikinta jinkirta fitar ƙwai ne har maniyyi ya mutu, shi kuwa maniyyi yana iya kwana 5 da ransa a jikin mace. In ƙwan ya riga ya fita ba ta da abin da za ta yi, kuma ba ta zubar da cikin da ya riga ya zauna. Mai shayarwa tana iya sha. In kin yi amai cikin awa 2 da sha, ki sake. Ba ta kare saduwar gobe, wannan ya sa masu mayar da ita abin sha duk sati suke ƙarewa da cikin da suke gudu, ga rikicewar al'ada.

Da kin isa asibiti, in gwaji ya nuna babu, ana iya yi miki allura ko a saka miki ashanar fata, wato ɗan tsinken maganin tazara da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu, a ranar. Sai ku yi amfani da kwaroron roba ko ku haƙura na kwana 7, sannan ki sake gwaji bayan sati uku zuwa huɗu. Ina jaddada wannan domin har yanzu ana mayar da mata gida da cewa "sai kin ga jini ki dawo". Matar da take shayarwa, ga saurar allura a jiki, tana iya wata biyar ba ta ga jinin ba, kuma a cikin jiran nan cikin yake shiga. In aka gaya miki haka, ki roƙa cikin ladabi a yi miki gwajin fitsari a ba ki a ranar. Ko da daga baya ta bayyana akwai ƙaramin ciki da gwajin farko bai gani ba, bincike bai nuna allurar ko ƙwayar tana nakasa ɗan tayi ba. In kuwa layi biyu kika gani, ki fara awo da wuri, ki karɓi maganin ƙarin jini. Kada ki yaye ɗiyarki dare ɗaya don tsoron nonon ciki. Nonon ba ya zama guba, yawansa ne yake raguwa, sai ki ƙara mata abinci ke ma ki ƙara ci. Yayen gaggawa ga 'yar wata 9, musamman da damina, shi ne yake kawo gudawa da tamowa.

Yanzu tambayarki ta biyu. Kowace hanya tana da alƙaluma biyu: yadda take aiki in an bi ƙa'idarta ba kuskure, da yadda take aiki a hannun mutane masu mantuwa da tafiya da rashin lafiya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da su na shekara guda ne, cikin mata 100. In ba a yin komai, kusan 85 za su ɗauki ciki. Ƙwayar sha, in ba a taɓa tsallake ta ba, ko mace ɗaya ba ta cika ba, amma a yadda ake shan ta a gidaje mata 7 ne. Allura 4. Kwaroron roba na maza 2 in an kiyaye, 13 a zahiri. Azalu, wato zubarwa a waje, 4 in namiji bai taɓa kuskure ba, 20 a zahiri. Ƙirgen kwanaki da carbi 12. Robar mahaifa, wato 'yar robar da ake sakawa a cikin mahaifa, ƙasa da 1. Ashanar fata kuwa kamar mace 1 ce cikin 1000. Ki lura da inda alƙaluman biyu suka yi nisa da juna: duk hanyar da take buƙatar a tuna da ita kullum, ko a hau mota a je karɓo ta, nan ratar take da faɗi. Wadda aka saka aka manta da ita, alƙalumanta biyu kusan ɗaya ne. Babu wadda ta kai ɗari bisa ɗari, har ɗaurin mahaifa, amma tsakanin 1 cikin 1000 da 7 cikin 100 akwai tafiya mai nisa.

Maƙwabciyarki tana cikin bakwai ɗin nan, kuma yawanci in aka zauna aka bi fakitin ƙwaya ɗaya bayan ɗaya ana gano inda aka samu giɓi. Ƙwayar iri biyu ce, kuma rikita su ake yi. Ta masu shayarwa, irin su Microlut da Exluton, duk launinsu ɗaya, babu ranar hutu, fakiti ya ƙare yau gobe a buɗe sabo. Wannan ba ta da haƙuri: in aka wuce lokacin sha da awa 3, an tsallake ke nan, sai a sha nan take a kuma kiyaye, da kwaroron roba ko haƙuri, na kwana 2. Tana aiki sosai a watannin farko saboda nono yana taya ta, amma da yaro ya fara cin tuwo, al'ada ta dawo, ita kaɗai ta rage, jinkirin da a da ake yi a kwana lafiya yanzu shi ne zai kawo ciki. Ɗaya irin, kamar Microgynon, tana da ƙwayoyi 21 masu magani da 7 masu launin ƙasa-ƙasa waɗanda ba sa hana komai. In an manta ɗaya ko biyu, a sha ɗaya da an tuna a ci gaba. In an manta uku ko fiye, a ci gaba da sha amma a kiyaye kwana 7, in kuma a layi na uku aka yi mantuwar, a tsallake bakwai ɗin nan a shiga sabon fakiti kai tsaye. Mantuwar da ta fi haɗari ita ce jinkirin fara sabon fakiti, domin an riga an yi kwana 7 ba magani, ƙarin kwana uku ya isa ƙwai ya fita. Mace ta tafi biki ko zaman makoki Birnin Kebbi ta baro fakitin a ƙarƙashin katifa, ko ya ƙare sai ranar kasuwa za a sayo, shi ke nan. Amai cikin awa 2 da sha daidai yake da ba a sha ba, gudawa mai tsanani ta kwana biyu ma haka. Azumi ma yana rikita masu sha da safe, shi ya sa ya fi kyau tun farko a ɗaura shan da sallar isha'i, lokacin da ba ya canzawa ko da azumi ko babu. Wannan mai 21 ɗin ba a ba wa mai shayarwar da jaririnta bai kai wata 6 ba, ko mai hawan jini, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido. A auna jini kafin a fara, kada a saya a kemis don ƙawa tana sha.

Ke kuma allura ba ta ci amanarki ba, hanya ce da ƙarewar kaya suka yanke ki, kuma baɗi da damina fadama za ta sake cika. In allurar ta karɓe ki kina son ci gaba da ita, ki tambayi Sayana Press. Maganin ɗaya ne da Depo, na sati 13, amma yana zuwa a 'yar roba da ƙaramar allura a haɗe, ana yin sa a ƙarƙashin fatar ciki ko gaban cinya. A Najeriya an yarda a koya wa mace ta yi wa kanta, a ba ta na gaba ta tafi da shi gida. Ana girgiza shi sosai na daƙiƙa 30, a tura murfin allurar ya haɗe da wuyan robar har ratar ta rufe, a tsunkuli fata, a soka, a matse a hankali cikin daƙiƙa 5 zuwa 7. Kurakuran da aka fi yi su ne rashin girgizawa da rashin rufe ratar nan, sai maganin ya ƙi fita duka. A ajiye shi a inuwa, nesa da murhu da hannun yara, ba a saman taga ba inda zafin bazara zai dafa shi. Ki sa a rubuta miki ranar ta gaba da lissafin da kike amfani da shi, ko watan Musulunci ne, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma in ra'ayina kike so, ga matar da ke da ruwa tsakaninta da asibiti kuma tana son hutun shekara biyu ko fiye, ashanar fata ta fi. Implanon tsinke ɗaya ne na shekara 3, Jadelle biyu ne na shekara 5. Ana kashe wurin da allura a saka a cikin damtsen hannun da ba ki cika aiki da shi ba, aikin 'yan mintuna ne, ba ya hana daka ko ɗibar ruwa bayan kwana kaɗan. Kafin ki tashi ki sa yatsa ki taɓa ki ji tsinken da kanki, ki kuma adana katin da ke ɗauke da ranar cirewa. Duk ranar da kuka so haihuwa a cire, haihuwa tana dawowa nan da nan, saɓanin allura da takan ja watanni, wata ma har shekara. Jinkiri ne, ba ta kashe mahaifa. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, babu sinadarin da ke taɓa nono a cikinta, tana fara aiki a ranar, sai dai takan ƙara yawan jini da ciwon mara a watannin farko, abin dubawa ga mai ƙarancin jini. Ita ba a saka ta sai an tabbatar babu ciki, kuma inda take kasawa shi ne ta zamo ta fito ba a lura ba, galibi a watannin farko lokacin al'ada. In kin ji zaren robar da ke leƙowa ta bakin mahaifa ya ƙara tsawo, ko kin taɓo wani abu mai tauri a bakin mahaifa, ko zaren ya ɓace, ku kiyaye har a duba. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake akan nemi kuɗin safar hannu ko kati. In ƙaramin asibitinku babu mai sakawa, babban asibitin Argungu ko asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi tafiya ɗaya ce ta wadatar da shekaru.

Akwai abin da kan karya ashana da ƙwaya duk da mace ba ta yi kuskuren komai ba, kuma ba a cika tambaya ba: wasu magunguna suna sa hanta ta narkar da sinadarin da sauri. Na farko maganin tarin fuka, rifampicin, wanda yake mayar da fitsari ja, kuma tasirinsa yana ci gaba har kwana 28 bayan an gama sha. Sai magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, da efavirenz cikin magungunan ƙanjamau. Mai shan ɗaya daga cikinsu ta faɗa kafin a zaɓa mata, domin allurar wata uku da robar mahaifa su ba ruwansu da waɗannan. Kafso na yau da kullum irin amoxicillin ba ya karya komai, sai in ya jawo amai ko gudawa.

Kwaroron roba kuwa yawancin kasawarsa daga hannu ne: a fara ba shi sai can a saka, ko a manta a matse kansa iska ta fita, ko a jinkirta fitowa har ya saɓule. Maiƙo yana cinye shi cikin mintuna, ko man kaɗanya ko man gyaɗa ko basilin, har da kayan mata na matsi da ake haɗawa da mai ko miski, abin da ya kamata a sani a ƙasar nan tamu da ake yawan amfani da su. Wanda ya kwana biyu a aljihu ko akwatin babur cikin rana shi ma ya tashi daga aiki. Duk da haka shi kaɗai ne yake kare ciwon sanyi da ƙanjamau. Azalu sananne ne tun zamanin sahabbai, ya fi babu nesa ba kusa ba, amma mace 1 cikin 5 a shekara ba ƙaramin adadi ba ne ga wadda jikinta bai gama murmurewa ba. Ƙirgen kwanaki ba naki ba ne yanzu, don sai mai al'ada daidaitacciya ta kwana 26 zuwa 32 take kauce wa rana ta 8 zuwa ta 19, ke kuwa ba ki da ranar da za ki fara ƙirgawa. Tsarki da ruwan zafi bayan saduwa, yin fitsari, tsalle, shan ruwan gishiri ko kanwa ko lemun tsami, duk ba sa hana komai, maniyyi ya riga ya wuce inda ruwa zai kai. Ƙwayar zurma da ake haɗiya wai kowace ɗaya shekara guda, guba ce a cikinta, ki nisance ta.

Abu ɗaya da nake so ki shirya masa tun kafin a saka miki komai shi ne rikicewar jini. Da allura da ashana duk suna kawo ɗige-ɗige ko ɗaukewar al'ada, musamman a wata shida na farko. Jinin da bai zo ba bai taru a ciki ba, bangon mahaifa ne bai yi kaurin da zai zubo ba. Amma ɗigon da ya ƙi tsayawa yana damun mace a sallarta da tsakaninta da mijinta, kuma shi ne babban dalilin da yake sa a cire a zauna haka nan, wata biyu sai ga ciki. In ya dame ki, ki koma, akwai maganin kwana biyar da ake bayarwa ya tsagaita, hukuncin sallah da jinin ciwo kuma malamai sun yi bayaninsa, ki tambaya. In duk da haka ba ki gamsu ba, haƙƙinki ne a cire, amma a ɗora ki kan wata hanyar a ranar, kada ki fita ƙofar asibiti hannu rabbana. Ki kuma zauna da maigida ku yi maganar, don kwana bakwai na kiyayewa da kuɗin mota duk sai da shi. Abin da likitoci suke ba da shawara shi ne wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, daidai da shekara biyun shayarwa da kowa ya sani, in ɓari ne kuma wata 6.

Kafin ki samu zuwa, ki riƙe waɗannan alamun. In gwaji ya nuna ciki, ko ba ki yi gwajin ba ma, sai kika ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini baƙi-baƙi, da jiri ko suma ko ciwo a kafaɗa, wannan yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana fashewa ya zubar da jini a ciki ba a gani. Ba a jiran gari ya waye da shi, ba a tsayawa kemis, ko da kwalekwale ne a fitar da ke zuwa asibitin da ake tiyata da ƙarin jini. Duk wadda ciki ya shiga tana da robar mahaifa ko bayan ɗaurin mahaifa, a yi mata hoton ciki da wuri a ga inda ya zauna. Ranar da za ki tafi ki ɗauki katin allurarki da duk wani magani da kike sha a ledarsa, ki kuma riƙe ranar saduwarku ta ƙarshe, don ita ce tambayar farko da malamar asibiti za ta yi miki.